Yadda Ake Tsayar da Dokar Hana Shan Taba a Wurin Aiki Har Ta Zauna Daram

Idan kai ne ke riƙe da ofis, ko masana'anta, ko otal, ko ɗakin taro, ko da ma'aikata uku ne a ƙarƙashinka, to dokar hana shan taba sigari da kai take magana kafin ta juya kan mashayin. Mutane da yawa ba su san haka ba. Suna ɗauka magana ce tsakanin hukuma da wanda ya kunna kara, su nasu ido. A ƙasashen da suka ɗauki wannan doka da gaske, mai wurin ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi. A Ingila, wanda aka kama yana busa sigari inda aka hana, fam 50 ake cin sa tara nan take, amma mai kula da wurin da ya gani ya kau da kai, tararsa na iya kaiwa fam 2,500.

Ni aikina kula da gini ne: wuta, ruwa, tsaro, shara, da lafiyar duk wanda ya yini a ciki. Na ga wuraren da aka manna "An hana shan taba" a kowane bango, amma matakala na tashin hayaƙi tun da sassafe. Na kuma ga wuraren da allo biyu ne kacal, amma ba mai tunanin ciro ashana. Bambancin yana ga yadda aka faro abin da kuma wanda aka faro da shi.

Ka fara da sanin dalili, domin za a tambaye ka, kuma mai tambayar yana da baki. Zai ce huhunsa ne, kuɗinsa ne, ina ruwan wani. Amsar tana nan a tsakanin yatsunsa. Mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki daga kan karan yake tashi, lokacin da yake ci da kansa tsakanin zuƙa da zuƙa, kuma wannan hayaƙin bai bi ta matatar da ke gindin karan ba. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke rasuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wani ya sha. Tun a 1981 wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa binciken da ya bi dubban matan aure da ba sa shan taba, ya gano cewa waɗanda mazansu mashaya ne sun fi kamuwa da sankarar huhu. A 2006 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ce babu wani gwargwadon hayaƙin da za a kira shi marar illa, kuma zama cikinsa a gida ko a wurin aiki na ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na sankarar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30.

Alƙaluma ba kowa suke taɓawa ba, shi ya sa nake yawan ba masu gardama labarin Heather Crowe. 'Yar Kanada ce, ta shekara kusan 40 tana aikin kai wa baƙi abinci a gidajen cin abinci masu cike da hayaƙi, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kai kara bakinta ba. A 2002 aka gano tana da sankarar huhu. Ta ƙarar da sauran kwanakinta tana zagaya ƙasarta tana roƙon a yi doka, ta rasu a 2006. Baƙo zai zo ya yi awa ɗaya ya tafi, in hayaƙi ya dame shi gobe ya sauya wuri. Ma'aikaciya kuwa tana nan daga buɗewa har rufewa, kuma ba za ta bar aikin da take ci da 'ya'yanta ba saboda wari. Domin irinta aka yi wannan doka: mai shara, masinja, direba, sakatariya mai juna biyu da ba ta da bakin ce wa maigidanta ya kashe. Duk shawarar da za ka yanke nan gaba, ka auna ta da wannan mutumin da ba shi da zaɓin tashi.

Kuma amfanin ba ya jinkiri. Sikotilan ta fara aiki da dokarta a watan Maris na 2006, binciken da aka yi a manyan asibitoci tara ya nuna masu zuwa da bugun zuciya da dangoginsa sun ragu da kashi 17 cikin ɗari a watannin da suka biyo baya, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba mashaya ba ne.

Nemo dokar ka karanta da idonka

Kada ka dogara da "an ce". Ka nemo ainihin takardar dokar ƙasarka, da ta jiha ko birni idan akwai, domin wani lokaci ta ƙaramar hukuma ta fi ta ƙasa tsauri. Kusan duk dokokin da ake da su yanzu daga tushe ɗaya suka fito, wato yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2003, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005, kuma ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Sashe na 8 nata shi ne ya wajabta kare jama'a daga hayaƙi a wuraren aiki, da motocin haya, da wuraren taruwa. Ƙasar Ayalan ce ta fara hana sha a duk wuraren aiki na cikin gini, har da gidajen giya, ranar 29 ga Maris 2004, Nowe da Niyu Zilan suka bi a shekarar, Italiya a 2005, Yurugwai a 2006, Ingila a Yulin 2007. A Afirka, Nijar ta yi tata dokar a 2006, Kenya a 2007, Najeriya da Yuganda a 2015. Sunan dokar iri ɗaya ne amma cikinta ya sha bamban, a nan ne mutane ke faɗawa rami.

Abu na farko da za ka duba shi ne abin da dokar ke nufi da "cikin gini". Ƙa'idojin da ƙasashen yarjejeniyar suka amince da su a Bankok a 2007 sun ce duk wurin da ke da rufi, ko bango ɗaya ko fiye ya kewaye shi, ko da na tamfol ne, ko da na wucin gadi ne, cikin gini ne. Ingila kuwa rabi take aunawa: in akwai rufi, kuma buɗaɗɗen gefe bai kai rabin kewayen ba, to wurin rufaffe ne. Wannan na da muhimmanci saboda baranda da rumfa, inda aka fi yin jayayya. Sai ka duba ko an gindaya tazara daga ƙofa. Yuganda, alal misali, mita 50 ta sa daga wurin taruwar jama'a. Ka duba ko shisha da sigarin lantarki sun shiga ciki, da irin allon da aka wajabta, da kuma hukumar da ke da ikon shigowa ta duba. Ka rubuta lambar sashen da ya shafe ka a takarda ka ajiye a aljihun tebur. Ranar da wani zai ce "wace dokar?", za ka gode wa kanka.

Sannan ka duba ko dokar ta yarda a ware ɗakin shan taba a cikin gini. Wasu sun yarda, ciki har da ta Najeriya ta 2015. A nan ne zan tsaya, domin ra'ayina a kai ba ya rawa: ko doka ta ba ka dama, kada ka yi. Doka mafi ƙarancin abin da ake nema ta faɗa, ba ta hana ka ƙarawa a wurin da kake da iko ba.

Ware gefe ɗaya na ɗaki a ce nan na mashaya ne, can na waɗanda ba sa sha, daidai yake da ka zuba shuni a gefe ɗaya na bokitin ruwa ka ce ɗaya gefen ya zauna fari. Ɗaki mai ƙofa ma bai tsira ba. Duk buɗewa da rufewa tana turo hayaƙi waje, yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman silin, ta bututun na'urar sanyaya ɗaki, ya fito a ofishin da ke can ƙarshen layi. Za a kawo maka shawarar fanka mai zuƙe iska, ko na'urar tace iska mai tsada. Waɗannan wari suke ragewa, kuma rashin wari shi ne yaudarar, domin ƙananan ƙwayoyin da ke shiga can cikin huhu hanci ba ya jin su. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka masu tsara shigar iska da fitarta a gine-gine, ASHRAE, wato mutanen da sana'arsu ke nan, sun fito a 2005 sun ce hanya ɗaya tak ta kawar da wannan haɗari a cikin gini ita ce a hana sha gaba ɗaya. Sifaniya ta gwada rabi da rabi a 2006, ta bar ƙananan gidajen giya da gidajen abinci su zaɓa, mafi yawansu suka zaɓi a ci gaba da sha, ma'aikatansu suka ci gaba da shaƙa, sai da ta dawo a Janairun 2011 ta hana baki ɗaya. Bayan duk wannan, ka tambayi kanka wa zai shiga ɗakin nan ya share toka, ya goge tebur, ya kwashe shara kowace safiya. Mutumin da aka yi dokar dominsa ne dai.

Zagaya ginin da ƙafarka

Kafin ka rubuta komai, ka ɗauki littafi ka bi ginin lungu-lungu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan an tashi. Kada ka aika kowa. Ofisoshi ba su ne matsalar ba. Ka duba matakalar baya, da banɗaki, da sito, da ɗakin maigadi, da ɗakin janareta, da wurin ajiye motoci na ƙarƙashin gini, da saman rufi. Guntayen sigari ba sa ƙarya. Za ka same su a bakin taga, a cikin tukunyar fure, a bayan tulun kashe gobara, a cikin gwangwanin da aka cusa a kusurwa.

A wani ginin da na kula da shi, matakalar baya ce matattara. A hawa na biyu akwai taga ƙarama da ba ta buɗuwa sosai, bakinta ya yi baƙi da tabon kashe kara, fentin bangon ya koma ruwan ɗorawa. Matar da ke share wurin tana da asma. Takan hau da bokiti da tsintsiya, in ta kai nan sai ta ajiye su, ta jingina da bango, ta ciro abin shaƙarta daga ƙullin zaninta ta fesa sau biyu, ta jira numfashinta ya dawo, sannan ta duƙa ta fara tsince guntayen da hannu. Ba ta taɓa kai ƙara ba, kuma waɗanda ke sha a wurin mutanen kirki ne da ke gaishe ta kullum. Ba su taɓa ganinta a wannan hali ba, domin kafin su iso ta gama ta sauka. Da aka faɗa musu, ba a sake ganin guntu a wurin ba.

Ɗakin janareta da sito kuwa maganar gobara ce tsagwaronta. Gobarar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a Landan, a watan Nuwamba na 1987, ashana ce da aka yar a kan matakala mai tafiya ta tayar da ita, mutum 31 suka mutu. Motar aiki ma kada ka manta da ita. Duk motar da fiye da mutum ɗaya ke amfani da ita wurin aiki ce, ko da direba shi kaɗai ne a ciki lokacin da ya kunna, domin hayaƙin na kama kujeru da rufi ya jira na gaba.

Wanda za ka fara gani shi ne mafi girma a wurin. Idan shugaba na sha a ofishinsa bayan ya rufe ƙofa, to ka ajiye allunanka, ba inda za su kai ka. Ma'aikata hancinsu na aiki, kuma ba za ka iya tsawata wa masinja kan abin da kowa ya san ana yi a sama ba. Ka same shi shi kaɗai, kada a gaban mutane. Ka kai masa sashen dokar, da adadin tarar da za ta hau kan wurin, da abin da ka gani a zagayenka. Ni abin da nakan ce shi ne, "Yallaɓai, wannan abu in ba daga wurinka ya fito ba, ba zai yi ƙarko ba. Ina so sa hannunka ya kasance a ƙasan takardar, kuma ranar da za a fara, a ga ka sauko da kanka." Yawancin manya suna karɓar wannan fiye da yadda ake zato, domin ka ba su matsayin mai kafa doka maimakon wanda aka kama. In ya ƙi, kada ka yi riya da alluna. Ka rubuta masa shawararka a takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi, ka sake komawa bayan ɗan lokaci.

Daga nan sai mashayan kansu, tun kafin a fitar da sanarwa. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma shi ke jawo taurin kai. Mutumin da ya shekara ashirin yana sha ba don raini yake yi ba. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na kama jiki kamu mai tsanani, yawancinsu tun suna samari suka fara, kuma da dama sun yi ta ƙoƙarin bari. Ka tara su ka faɗa musu gaskiya: hanawar ba abin tattaunawa ba ce, amma inda za a tanada musu a waje, da lokutan fita, da ranar farawa, duk ana neman bakinsu. Wanda aka shawarta da wuya ya zama mai karya doka, sau da yawa ma shi ke jan kunnen 'yan uwansa.

Takardar dokar wurin kada ta wuce shafi ɗaya. Ta faɗi dalili a layi biyu, ta lissafa wuraren da aka hana da sunansu, har da banɗaki da matakala da motoci, ta ce ta shafi kowa da kowa, ma'aikaci da baƙo da ɗan kwangila, dare da rana har ranakun hutu. Ta ambaci shisha da sigarin lantarki ƙarara, ko da dokar ƙasa ta yi shiru a kansu, domin maigadi ba zai iya tsayawa yana tantance wane hayaƙi ne wane tururi ne ba. Ta faɗi wanda za a kai wa ƙorafi da abin da zai biyo bayan saɓawa. Ka ba da wa'adin wata ɗaya zuwa uku kafin ranar farawa, ka fassara ta zuwa harsunan da ma'aikatanka ke ji, ka kuma karanta ta da baki ga waɗanda ba sa karatu.

Daren da za a wayi gari a fara, ka kwashe duk abin zuba toka daga cikin ginin, har wanda aka ajiye don ado a ɗakin baƙi. Barin sa a kan tebur gayyata ce, komai abin da allo ya ce. Ka sa a wanke labule, a goge bango, in da hali a sake fenti a wuraren da suka yi tabo, domin wurin da ke warin taba yana kiran taba. Alluna kuwa a kowace ƙofar shiga, daidai tsayin ido, da hoton kara da aka ja wa jan layi saboda wanda bai iya karatu ba, sai kuma a wuraren nan da ka tsinci guntaye.

Wurin da za ka tanada a waje yana buƙatar tunani fiye da yadda ake ba shi. Ya yi nisa da ƙofa, da tagogi, da inda na'urar sanyaya ɗaki ke jan iska, ya kuma kauce wa hanyar da jama'a ke bi su shiga. Ka tsaya a wurin da kanka ka ga inda iska ke kaɗawa. In za ka yi rumfa saboda rana da ruwa, ka bar gefunanta a buɗe, in ba haka ba ka gina wani ɗakin ne da doka za ta kama. Ka ajiye bokitin ƙarfe da yashi. Kada ka kai su bayan juji ko kusa da tankin mai don a wulaƙanta su, domin wurin da mutum ke jin kunyar tsayawa ba zai je ba, banɗaki zai koma. Makaranta da asibiti kuwa, a ganina ko a harabarsu bai kamata a tanadi irin wannan wuri ba.

Ranar da wani zai kunna

Zai kunna, ko da gangan ko da mantuwa, kuma yadda aka yi da na farko shi kowa zai riƙe. Maigadi da mai karɓar baƙi su ne a bakin daga, saboda haka ka zauna da su ku yi gwaji, kai ka zama baƙon. Ka ba su kalmomin da za su faɗa, gajeru, masu ladabi, da mafita a ciki: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, nan ciki ba a sha. Ga wuri can an tanada, bari in nuna maka." In mace ce, "Hajiya, a yi mana afuwa." In abokin aiki ne, a matsa kusa da shi a sassauta murya: "Malam, don Allah mu fita waje." Ba a ɗaga murya daga nesa, ba a yi wa mutum wa'azin lafiyarsa, ba a kai hannu a fizge kara. Mafi yawan mutane kafin a rufe baki sun kashe.

Saura ɗan kaɗan ɗin nan da zai ce, "Ka san ko ni wane ne?" Maigadi ba zai ja da shi ba, kuma bai kamata ka bar shi da wannan nauyi ba. Amsarsa ɗaya ce: "Na sani, ranka ya daɗe. Doka ce ta hau kanmu, bari in kira manaja." Kai kuma in an kira ka, ka zo, ka kuma tsaya a bayan yaronka a gaban baƙon. Ranar da ka ba babban baƙo haƙuri ka ce a ƙyale shi, ranar maigadinka ya daina magana har abada, kuma yana da gaskiya. In mutum ya ƙi kashewa ya ƙi fita, a dakatar da yi masa hidima, a rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa masa a littafi. Wannan littafin shi ne shaidarka in jami'an duba suka zo, domin abin da doka ke nema a wurinka shi ne ka nuna ka yi iya ƙoƙarinka.

Ga ma'aikaci, a bi matakan ladabtarwa da aka saba da su a kan kowane laifi: magana da baki, sai takardar gargaɗi, sai abin da ya fi haka. Makonnin farko a yawaita tunatarwa, bayan nan a daina sassauci. Sharaɗin kawai shi ne sanda ɗaya ce ga kowa. Maganar lokacin fita ma a warware ta da wuri, domin waɗanda ba sa sha za su fara ƙorafin cewa wasu na samun hutun da su ba sa samu. Mafi sauƙi shi ne hutu iri ɗaya ga kowa, mai sha ya sha a cikin nasa.

Kada ka tsaya a hani kaɗai. Wasu daga cikin ma'aikatanka za su ga wannan dama ce ta bari, kuma kamfanonin taba sun riga kowa sanin haka. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Philip Morris ta 1992, wadda ta fito fili daga baya, ta nuna cewa inda aka hana sha gaba ɗaya a wurin aiki, mashaya na rage abin da suke sha da kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari, kuma sun fi saurin bari. Ka nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya yi musu bayani, ka sanar da su cewa akwai cingam da filastar nikotin da magungunan da likita ke rubutawa. Ka faɗa musu cewa makon farko shi ne mai wuya, da ƙunci da saurin fushi da rashin barci, sannan abin ya riƙa sauƙi cikin makonni kaɗan, kuma kwaɗayin in ya taso mintuna ne yake yi ya lafa. Wanda ka ga yana fama a wannan mako, ka ɗaga masa ƙafa a kan ƙananan abubuwa. Wanda ya bari ya koma, kada a yi masa dariya, da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita.

Masu otal da gidajen abinci kullum tsoronsu ɗaya ne, kada ciniki ya gudu. An yi wannan kuka a Ayalan, an yi a Niyok a 2003, an yi a Turkiyya a 2009. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, ta fitar da sakamako a 2009 cewa irin waɗannan dokoki ba sa durƙusar da cinikin gidajen abinci da gidajen giya. Waɗanda ba sa sha sun fi yawa a ko'ina, kuma su ne suke shigowa da iyalansu.

In kuma kai ba mai wurin ba ne, ma'aikaci ne da hayaƙi ke damu, ka fara da yi wa mai shan magana cikin mutunci, kai da shi. In ba ta yi ba, ka rubuta wa shugabanka, ka ambaci sashen dokar, ka riƙe kwafi. Ku haɗu ku biyu ko uku ya fi ka tafi kai kaɗai, in akwai ƙungiyar ma'aikata a shigar da ita. Mai asma ko mai juna biyu ta haɗa da takardar likita. Sai an bi waɗannan ba a dace ba sannan a kai ga hukumar lafiya da dokar ta ba ikon dubawa.

Bayan wata uku ka sake ɗaukar littafin nan ka bi sawun zagayenka na farko, musamman da dare da ranakun hutu, domin masu aikin dare da 'yan kwangila su ne sanarwa ba ta cika isa gare su ba. Ka tambayi masu shara abin da suke tsinta da inda suke tsintarsa, sun fi kowa sani. In guntaye sun koma wani sabon lungu, ka duba ko wurin da ka tanada a waje ya yi nisa ne ko ba shi da inuwa, ka gyara. Allon da ya koɗe a sauya shi. Duk sabon ma'aikaci a ba shi takardar ya sa hannu ranar da ya kama aiki, duk ɗan kwangila kuma a sa masa sharaɗin a cikin yarjejeniyarsa kafin ya shigo da kayan aikinsa.